Sabuwar Wuƙar Aljihu Mai Naɗewa: Tambayoyi da Amsoshi kan Sassauta Ta, Riƙe Ta da Wasa Ta

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin waɗanda suka sayi wuƙar aljihu mai naɗewa a karon farko. Yawancin ɓarnar da ke samun irin wannan wuƙa a makon farko take faruwa, kuma daga hannun mai ita, saboda gaggawar gyara abin da bai lalace ba. An sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar takan tura ka zuwa wata.

1. Mene ne sassan wuƙar, kuma da wane suna za a riƙa kiran su a nan?

Ruwa shi ne ƙarfen da ke yanka. Yana da kaifi a ƙasa, gadon baya a sama, tsini a gaba, da gindi wanda ke shiga cikin mariƙi. Siririn layin nan mai sheƙi da ya bi bakin ruwan tun daga gindi har tsini shi ne gangaren kaifi, kuma shi kaɗai ake gogawa a dutse. Notin tsakiya shi ne wanda ruwan ke juyawa a kansa. A gefe da gefen ruwan, a jikin wannan noti, akwai washa biyu na tagulla ko na roba mai santsi, wasu wuƙaƙen kuma ƙananan ƙwallayen boris ne a wurin. Abin da ke riƙe ruwan a buɗe don kada ya rufo kan yatsu, shi za mu kira sakata.

2. Na fito da ita daga kwali. Me zan fara yi?

Duba ta kafin ka yanka komai da ita, domin mai kaya ya fi saurin karɓar wadda ba a taɓa ba. Buɗe ta a hankali da hannu biyu. Riƙe gadon bayan ruwan ka girgiza shi hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Rufe ta ka leƙa ta sama ka ga ko ruwan ya zauna a tsakiyar mariƙi ko yana gogar gefe ɗaya. Shafa yatsa a ƙarshen mariƙin ka tabbatar tsini bai leƙo ba. Abin da girgiɗi da karkata ke nufi yana tambaya ta 6, maganar leƙowar tsini kuma tana ta 21.

Bayan haka sai wanki. Masana'anta kan bar maiƙo mai kauri da garin ƙarfe a cikin mahaɗar, kuma su ne rabin taurin da ake ji. Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke da tsohon burushin goge baki sun isa. Buɗe ka rufe a cikin ruwan sau goma ko ashirin, ka ɗauraye, ka kakkaɓe, ka shanya ta a buɗe a inuwa har cikinta ya bushe sarai. Kamfanin Victorinox ma haka yake ba da shawara kan wuƙaƙensa idan sun yi tauri. Amma mai mariƙin icce ba a tsoma ta. Goge ta kawai da tsumma mai ɗan laima.

3. Tana da tauri ƙwarai wajen buɗewa. Lalatacciya aka sayar mini?

Da wuya. Sabuwar wuƙa ƙarfe ne kan ƙarfe da ba su saba da juna ba tukuna. Fuskar washan na da ɗan kaushi da ido ba ya gani. A wuƙaƙe masu sakatar ciki kuma, wato siririn ƙarfen da ke cikin mariƙi yana tokare gindin ruwan idan an buɗe, akwai wani ɗan ƙwallo kamar ƙwayar gero da ke danne gindin ruwan, wanda sai ya shata wa kansa hanya. Idan ka duba gindin ruwan bayan kwana biyu za ka ga siririn zane mai kamar jinjirin wata. Wannan hanyar ƙwallon ce, ba aibi ba ne.

Maganin shi ne wanki, ɗigon mai, da buɗewa da rufewa a hankali sau ɗari biyu zuwa uku, a rarrabe cikin mako ɗaya ko biyu. Bayan kamar sau ɗari za ka ga baƙin mai yana fitowa daga mahaɗar. Goge shi ka ƙara ɗigo ɗaya. Kada ka riƙa wurga ruwan da ƙarfin tsintsiyar hannu don ya buɗe da ƙara. Duk wurgi ɗaya duka ne a kan ƙusar da ke tare ruwan da kuma kan sakata, kuma shi ke jawo girgiɗin sama da ƙasa tun wuƙa tana sabuwa.

4. Wane mai ake sa mata, kuma nawa?

Man keken ɗinki ya wadatar wa mahaɗa: ɗigo ɗaya a kowane gefen gindin ruwan, da ɗan taɓi a kan hanyar ƙwallon. Yi amfani da tsinken sakace wajen kai man inda ake so. Idan wuƙar za ta riƙa taɓa abinci, nemi farin man ma'adini irin wanda ake sayarwa a kemis, mara wari mara ɗanɗano.

Man gyaɗa, manja da man zaitun ba na mahaɗa ba ne. Sukan yi danƙo su yi wari, cikin 'yan makonni wuƙar ta fi da tauri. WD-40 yana da amfani wajen korar ruwa da wanke datti, amma ba ya daɗewa, don haka sai an bi shi da mai na gaske. Yawan mai kuwa kiran ƙura ne. A lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, mai da ƙura kan haɗu su zama kamar samfefa a cikin mahaɗar. A wannan lokacin rage man, ka ƙara yawan wanki.

5. In sassauta notin tsakiya don ta yi laushi?

Ba a makon farko ba. Idan an yi abin da ke tambaya ta 2 da ta 3 kuma har yanzu sai da ƙyar, to a taɓa shi. Yawancin wuƙaƙen zamani notinsu mai bakin tauraro ne, wanda ake kira Torx: T8 ko T10 a tsakiya, T6 a jikin mariƙi da maƙalar aljihu. Masu gyaran waya kan sami ƙananan. Sukudireban da bai cika ramin notin daidai ba zai cinye bakinsa a juyi ɗaya, daga nan kuma sai wahala.

Juya kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka gwada, ka sake. Inda ake nema shi ne inda ruwan ke tafiya sumul amma ba ya girgiɗi hagu da dama ko kaɗan. Idan notin yana kwancewa da kansa, cire shi ka goge maiƙon zarensa da sifirit, ka sa ɗigon gam ɗin noti shuɗi, irin Loctite 242 ko 243, ka daidaita, ka bar shi kwana ɗaya. Kada ka sa ja, domin shi sai da zafin wuta yake sakewa. Wuƙaƙe irin su Victorinox, Okapi da Buck 110 ba su da notin juyawa; ƙusa ce aka daddale, don haka nasu wanki da mai da haƙuri ne kawai.

6. Ruwan yana girgiɗi, ko kuma bai zauna a tsakiya ba. Wanne ne abin damuwa?

Girgiɗin hagu da dama yawanci notin tsakiya ne ya yi sako-sako, ɗaurewa kaɗan ke gyara shi. Girgiɗin sama da ƙasa a wuƙa mai sakata maganar daban ce: sakatar ba ta kama gindin ruwan da kyau ba. Duba ko zaren aljihu ya taru a ramin da take faɗawa, ka sakace shi. In ramin a tsabtace yake kuma girgiɗin na nan, mayar da wuƙar. Yatsu sun fi kuɗinta.

Ruwan da ya ɗan karkata gefe amma ba ya gogar mariƙi ba ya hana aiki. A mai sakatar ciki, sakatar ce ke tura shi, kuma sau da yawa ɗaure notin tsakiya kaɗan yakan dawo da shi. In yana goga har yana barin zane a jikinsa bayan an ɗaure, aikin masana'anta ne bai yi kyau ba.

7. Sakata iri nawa ce, kuma yaya ake rufe kowace ba tare da an yanke ba?

Huɗu aka fi cin karo da su. Akwai mara sakata, wadda sifirin ɗin baya kaɗai ke riƙe ruwanta, kamar yawancin ƙananan wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan. Ita ana rufe ta da tafin hannu a gadon baya, yatsun ɗaya hannun duka a gefen mariƙi. Raka ruwan har ya kwanta. In ka sake shi ya faɗa da ƙarfi, a wasu wuƙaƙen kaifin kan daki sifirin ya yi ɗan tabo. In ruwa biyu ne a kan sifirin ɗaya, kada ka bar su duka a rabin buɗewa lokaci guda, sifirin ɗin na wahala.

Akwai sakatar baya, wadda Buck 110 ta Amurka ta yi fice da ita tun fitowarta a 1964: danna bayan mariƙi da babban yatsa, ɗaya hannun ya naɗe ruwan. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ita zobe ake ja a ɗaga sifirin ɗin. Akwai sakatar ciki, wadda maƙerin wuƙa Michael Walker ya inganta a farkon shekarun 1980. Ita ta fi yanke sababbin hannu, domin babban yatsan da ke ture sakatar yana kan hanyar kaifi. Ture sakatar, ka motsa ruwan kaɗan da manuniya har ya wuce ta, ka janye babban yatsan gaba ɗaya, sannan ka ƙarasa rufewa. Sai zoben da ke wuyan mariƙin wuƙar Opinel ta Faransa, wanda aka ƙara a 1955: murza shi da hannu ya toshe hanyar ruwan, murza shi baya kafin rufewa.

8. Sakatar ciki tana maƙalewa, sai na yi da gaske take sakewa.

Hakan na faruwa da sababbi, musamman masu mariƙin titaniyam inda shi kansa mariƙin ne sakatar. Goge fuskar gindin ruwan inda sakatar ke taɓawa da sifirit, domin mai a wannan wurin ba alheri ba ne. Sannan ka goga bakin fensir a kan fuskar. Bayan buɗewa ɗari ko biyu maƙalewar takan tafi. Kada ka kusanci wurin da magagari ko samfefa. Gurza kaɗan ya isa ya sa sakatar ta zarce can ɗaya gefen ko ta riƙa suɓucewa. A sabuwar wuƙa, sakatar da ta shiga kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurin gindin ruwan tana daidai.

9. Opinel ɗina ta ƙi buɗewa tun da damina ta kankama.

Iccen mariƙin ne ya sha laima ya kumbura ya matse ruwan. Mutanen yankin Savoie na Faransa, inda Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890, suna da dabararsu: a buɗe zoben, a riƙe wuƙar ta wajensa, a ƙwanƙwasa ƙarshen mariƙin a kan tebur, sai tsinin ya ɗan leƙo a kama gadon bayan a ja. Daga nan a bar ta a buɗe a wuri busasshe kwana biyu ko uku. Idan ta bushe, ɗiga man ma'adini a iccen da ke kewaye da mahaɗar ya sha, zai rage shan laima nan gaba. Da rani kuma akasin haka ke faruwa: iccen ya tsuke, ruwan ya yi sako-sako, don haka kada a yi aiki da ita ba a murza zobe ba.

10. Yaya ake riƙe ta wajen aiki?

Dunƙule mariƙin a tafin hannu, babban yatsa a gefe ko a kan gadon baya idan ana son iko. Yanka ya riƙa tafiya nesa da jiki, kuma hannun da ke riƙe abin yankan ya kasance bayan kaifi, ba gabansa ba. In za ka fere icce ko rake a zaune, ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa don aikin ya kasance a gaban ƙafafu. Kada ka yi shi a kan cinya ko tsakanin cinyoyi, akwai babbar jijiyar jini a can. Ja ruwan a karkace yana yanka yana tafiya, ya fi danna shi kai tsaye sauƙi da aminci.

Mara sakata ba a soka da ita, ba a kuma murɗa ta a cikin abu, domin duk matsin da ya zo ta gadon baya zai rufe ta a kan yatsu. In ta faɗi, janye ƙafa ka bar ta ta kai ƙasa. In za ka miƙa wa wani, rufe ta tukuna. Idan an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa. In jinin bai tsaya ba, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya mutu ba a ji, sai asibiti, a kuma tambayi maganar allurar tetanus.

11. Wane aiki ne ba nata ba?

Ɓamɓare murfin gwangwani, juya noti da tsini, sara, da dukan gadon bayanta da icce don a tsaga wani abu. Na farko biyun ke karya tsini, na ƙarshe biyun ke kashe sakata. Yanka a kan faranti, tayil ko gilashi kan kwantar da kaifi nan take. Kwali, buhun siminti da igiya mai yashi aikinta ne, amma suna cin kaifi da sauri, don haka sai an riƙa bi da fata kamar yadda ke tambaya ta 16.

Tambayar layya takan zo duk shekara. Wuƙar aljihu ba ta yankan rago ba ce: ruwanta gajere ne, kamar santimita 7 zuwa 9, kuma dabba na da haƙƙin a yanka ta da doguwar wuƙa mai kaifi a hutar da ita da wuri. Tana iya taimakawa a fiɗa, amma kitse da jini za su cika mahaɗar, su daskare su hana sakata kamawa. Duk wanda ya yi fiɗa da ita ya wanke ta da ruwan zafi da sabulu a ranar.

12. Sai na wasa ta tun tana sabuwa?

Gwada ta a takardar jarida. In ta tsaga takardar sumul daga gindi har tsini, yi aiki da ita har ta fara dakushewa. Opinel mai baƙin ƙarfe da Okapi kan zo da kaifi na matsakaici, su kam minti goma a dutse na canza su sosai. Kada ka yi mamaki idan kaifin masana'anta bai daɗe ba ko ya yi 'yan ƙananan giɓi. Da inji ake wasa shi, kuma zafin injin yakan raunana bakin. Bayan washi biyu ko uku da hannu an cinye wannan sashen, a nan ne za ka san ainihin ƙarfen da ka saya.

13. Wane dutse zan nema?

Lambar dutse na nuna laushinsa: 300 zuwa 400 mai kaushi ne na gyaran giɓi da sake gangare, 1000 na washin yau da kullum, 3000 zuwa 6000 na ƙarasawa. Wanda zai sayi ɗaya tak ya sayi mai fuska biyu, 400 da 1000. Dutsen ruwa irin na Japan ana jiƙa shi minti biyar zuwa goma har kumfa ta daina fita. Dutsen mai kuma da ɗan mai mara kauri ake aiki da shi, kuma wanda ya riga ya sha mai ba ya komawa ruwa. Farantin daimon ba ya ramewa a tsakiya, kuma shi ya fi dacewa da ƙarfe mai tauri irin D2 ko S30V, waɗanda kan gajiyar da mutum a dutse mai arha.

Dutsen nan mai launin toka da ake samu a shagon kayan gini yana aiki, sai dai kaushinsa ya yi yawa, dole a bi shi da abu mai laushi. Samfefa mai jure ruwa, lamba 600 da 1000, a shimfiɗe kan gilashi, tana cike wannan gurbin. A kanta ja ruwan baya-baya kawai don kada ya yanke ta. Gindin kofin tangaran, zoben nan mara sheƙi, shi ma yana tayar da kaifi idan an rasa komai.

14. Karkata nawa ake ba ruwan a kan dutse?

Digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Kusa da 15 ya fi shiga abu, kusa da 20 ya fi jure wahala. Ga ruwa mai faɗin milimita 25, ɗaga tsakiyar gadon baya kamar milimita 6 da rabi daga dutse shi ne digiri 15, milimita 8 da rabi kuma digiri 20. In ba ka son awo, naɗe kusurwar takarda biyu ta zama 45, ka sake naɗewa ta zama 22 da rabi, ka jingina ruwan a kai, ka rage kaɗan.

Amma ga mai koyo, abin da ya fi shi ne bin gangaren da wuƙar ta zo da shi. Shafe gangaren duka da baƙar maka, ka ja sau biyu a dutse, ka duba. In tawadar ta goge a sama ta bar bakin, ka kwantar da ruwan da yawa, ɗaga shi kaɗan. In bakin kaɗai ya goge, ka ɗaga da yawa. In ta goge duka, ka samu. Riƙe wannan karkatar. Tsayawa kan karkata ɗaya ya fi muhimmanci a kan ko 17 ce ko 20.

15. Yaya ake washin, daki-daki?

Ɗora dutsen kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Buɗe wuƙar ka tabbatar sakata ta kama. Hannu ɗaya a mariƙi, yatsu biyu ko uku na ɗayan a kan faɗin ruwan, kusa da kaifi amma ba a kansa ba. Ƙulle tsintsiyar hannu, motsin ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu. Tura ruwan kamar za ka feffere saman dutsen, kana jan shi daga gindi zuwa tsini. Da ka iso inda ruwan ya lanƙwasa sama, ɗaga mariƙin kaɗan don gangaren ya ci gaba da kwanciya a dutse. Tsaya yayin da tsinin ke kan dutsen. In ka bari yana zamewa ta gefe, zai dakushe ya rasa tsininsa.

Kada ka ƙirga ja, ka nemi geza. Geza wani siririn leɓen ƙarfe ne da ke lanƙwasowa ɗaya gefen idan gogar ta kai ainihin bakin kaifi. Ana jin ta da shafa babban yatsa daga gadon baya zuwa ƙasa ya wuce bakin, ba a bin tsawon kaifi ba. Za ka ji ɗan kaushi yana kama fatar yatsa. Ci gaba da gefe ɗaya har ka ji ta tun daga gindi har tsini ba inda ta yanke. Sannan ka juya ka yi wa ɗaya gefen daidai gwargwado har gezar ta koma can. Wanda bai tayar da geza ba bai wasa wuƙa ba tukuna, kafaɗar gangaren kawai ya goge.

Daga nan koma fuska mai laushi ka maimaita da rabin ƙarfin hannu. A ƙarshe sai ja ɗaya nan ɗaya can, kamar sau goma, kana rage matsi har ya zama nauyin wuƙar ne kaɗai ke kan dutse. Wanke garin dutsen daga mahaɗa kafin ka rufe ta, in ba haka ba ka zuba wa washan yashi da hannunka.

16. Mene ne amfanin fata bayan dutse?

Ita ke cire ragowar gezar ta daidaita bakin. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya ga yana kai askarsa yana kawowa a kan fata kafin ya ɗora ta a kai. Aikin ɗaya ne. Manna tsohon bel na fata a kan katako mai faɗi, ka goga masa ɗan koren sabulun goge ƙarfe in akwai. Ja ruwan baya-baya, gadon baya a gaba kaifi na biye, a karkatar da ka yi washi, sau goma zuwa ashirin kowane gefe, da hannu sakwai. A ƙarshen kowane ja ɗaga ruwan tsaye, kada ka mirgina shi a kan bakinsa. Danna fata da ƙarfi na sa ta naɗo kan bakin ta dakusar da shi. Mai bin wuƙarsa da fata bayan kowane aiki mai nauyi yakan yi makonni bai koma dutse ba.

17. Na wasa, na wasa, amma ba ta yanka. Ina matsalar?

Sau da yawa ɗaya ce cikin huɗu. Ko ba a kai bakin ba, wanda gwajin maka na tambaya ta 14 zai nuna. Ko hannu na rawa, gangaren ya zama kumburarre. Ko an fara da dutse mai laushi a kan wuƙar da ta dakushe ƙwarai, inda 400 ya kamata a fara. Ko kuma dutsen ya rame a tsakiya: zana masa layuka da fensir, ka goga shi kan samfefa mai kaushi a gilashi da ruwa har layukan su ɓace duka.

Akwai kuma wuƙar da ke aske gashin hannu da an gama, amma yanka biyu a kwali ta mutu. Wannan gezar ce ta miƙe tsaye tana yanka, da ta kwanta sai kaifin ya tafi. Haska fitila a bakin kana juya shi: kaifi na gaske ba ya mayar da haske, duk inda ya ƙyalla to geza ce ko dakushi. Koma ja ɗaya nan ɗaya can da hannu mara nauyi, sannan fata.

18. In kai wa masu injin washi ko mai walda?

Kada ka kai. Injin gurza ƙarfe na adda da gatari ne. Bakin wuƙar aljihu siriri ne, cikin daƙiƙa kaɗan yake ɗaukar zafi. Da ka ga ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ke farawa a wajen digiri 200 da ɗoriya na ma'aunin Salshiyas, ko shuɗi a wajen 300, taurin da aka ba ƙarfen ya tafi a wurin, kuma ba ya dawowa sai an cinye sashen duka. Ban da haka injin na cin ƙarfen shekara guda a zama ɗaya.

19. Ruwan ya yi baƙi-baƙi bayan na yanka lemo. Tsatsa ce?

In baƙin ƙarfe ne, irin na Okapi ko Opinel mai tambarin Carbone, launin toka ko shuɗi-shuɗin da lemo, mangwaro da albasa ke bari ba tsatsa ba ne, har ma yana ɗan kare ƙarfen. Tsatsa ja ce mai kaushi. Ita a goge ta da mai da samfefa lamba 1000. Farin ƙarfe irin 420HC, 8Cr13MoV ko 14C28N na ɗauke da kuromiyam kusan kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, shi ya sa yake jure laima, amma gumi da gishiri kan ci shi in an bar shi. D2 a tsakiya yake, sai an kula. Dokar duka ɗaya ce: goge, busar, shafa mai kaɗan, musamman da damina.

20. Zan iya tafiya da ita ko'ina?

A jirgin sama ka sa ta a akwatin da ake aunawa, ba jakar hannu ba. Doka kuma ta bambanta ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, wadda ake yarda mutum ya ɗauka ba tare da bayar da dalili ba ita ce mai naɗewa mara sakata, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. A Jamus an taƙaita yawo da mai sakata da ake buɗewa da hannu ɗaya. Nemi sanin dokar inda kake, kuma ka bar ta a gida idan za ka makaranta, kotu, masallacin idi ko taron jama'a.

21. Mai haƙora kamar na zarto fa? Kuma yaya ake gyara giɓi ko karyayyen tsini?

Haƙora ba a kai su dutse mai faɗi. Ana bin kowane rami da siririn sandan daimon ko na tangaran, ta gefen da ke da gangare kawai, ja huɗu ko biyar, sannan a kwantar da ɗaya gefen a dutse mai laushi a share gezar. Giɓi kuma da 400 ake cinye shi, amma a wasa tsawon kaifin duka, gefe biyu daidai, don kada a bar rami a wuri ɗaya.

Tsini in ya karye, daga gadon baya ake gurzowa ƙasa har a haɗu da kaifi, ana tsoma ruwan a ruwan sanyi in ya ɗumama. In aka gurzo daga kaifi zuwa sama, sabon tsinin zai hau, ya riƙa leƙowa daga mariƙi bayan an rufe, ya yage aljihu ko yatsa. Haka ma tsohuwar wuƙar da aka daɗe ana wasawa takan yi. A wuƙa mara sakata da mai sakatar baya akwai ɗan tudu a gindin ruwan, daf da inda kaifi ya fara, wanda ke tokare ruwan idan an rufe. Ja biyu ko uku na ƙaramin magagari a kan tudun nan zai sa ruwan ya ƙara nutsewa. Gwada bayan kowane ja, domin in ka zarce, kaifin zai riƙa dukan sifirin ɗin baya duk lokacin da aka rufe.